Dabinon Dutse da darasin manoman inabi na Faransa

Abu biyu ne ke fara yi wa baƙo maraba idan ya tunkari Dutse, babban birnin jihar Jigawa: manyan duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su, da kuma itatuwan dabino da suka yi cirko-cirko a gindinsu. A Najeriya kaf ba kasafai ake ambaton noman dabino ba tare da an ambaci wannan gari ba, kuma a nan ne cibiyar NIFOR mai binciken kwakwar manja da dangoginta, wadda hedkwatarta ke kusa da birnin Benin, ta kafa reshenta na binciken dabino.

Sai dai da zarar an ciro 'ya'yan an ɗura a buhu an loda a mota, sunan Dutse ya ɓace ke nan. A Kano ko Kaduna ko Legas sunansa dabino kawai, in an matsa wa mai sayarwa da tambaya ya ce na gida ne, kuma sau da yawa wannan amsa kan zama dalilin rage masa kuɗi.

A ƙasar Faransa lamarin akasin haka yake game da inabi. Can sunan ƙauyen da aka noma shi da shekarar da aka tsinke shi su ne ke yanke farashi.

Ba sai an faɗa ba, giyar da Faransawa ke yi da inabin haramun ce ga Musulmi, kuma doka ta hana sayar da barasa a Jigawa tun bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a shekara ta 2000. Abin da ya shafi manomin dabino a nan shi ne dabarar da manoman wata ƙasa suka bi har suka mayar da ɗanɗano da sunan wuri suka zama dukiyar da doka ke karewa.

Ƙasa da shekara

Faransawa na da wata kalma, terroir, wadda suke nufin duk abin da wuri ke zuba wa amfanin gona da ita: irin ƙasar, tudu ne ko gangare, ta ina rana ke bugunsa, yawan ruwan sama, har da hannun mutanen da suka gaji aikin. A ganinsu, iri ɗaya idan aka dasa shi a gonaki biyu da hanya kawai ta raba, ɗanɗanonsa zai bambanta.

Babu inda aka kai wannan tunani maƙura kamar yankin Bourgogne da ke gabashin ƙasar. Kusan iri biyu kawai ake nomawa a can, baƙin inabi na Pinot Noir da fari na Chardonnay, amma an yanka yankin zuwa filaye 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa da darajarsa. A shekara ta 2015 hukumar UNESCO ta sanya waɗannan filaye cikin jerin kayan tarihi na duniya. A Bordeaux kuwa, a kudu maso yamma, al'adar ita ce gauraya iri-iri, musamman Cabernet Sauvignon da Merlot, kuma sunan gidan da ya yi haɗin shi ne ke kan gaba.

Abu na biyu shi ne shekara. Kowace kwalba mai daraja na ɗauke da shekarar da aka tsinke inabinta, domin kakar bana ba ta zama ɗaya da ta bara. Masu wannan harka har yanzu suna ambaton 1945 da 1961 da 1982 a matsayin shekarun da Bordeaux ta yi dace. Suna kuma tuna 1956, lokacin da tsananin sanyi ya kashe kuringar inabi masu ɗimbin yawa, da 2003 da zafi ya sa aka yi girbi tun kafin lokaci, da kuma 2021 da jaura ta faɗo a watan Afrilu ta ƙone tofo, har girbin shekarar ya yi ƙaranci ƙwarai.

Ɗanɗanawar ma sana'a ce mai ƙa'ida. Gwani kan fara duba launi, sannan ya sansana, sannan ya kurɓa ya juya a baki, galibi kuma ya tofar, domin aikinsa aunawa ne. Abin da yake nema shi ne yadda zaƙi da tsami da bauri suka daidaita, da kuma tsawon lokacin da ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya bar harshe. Shi wannan bauri daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake fitowa, kuma sinadarin da ke haddasa shi dangi ne ga wanda ke ɗaure bakin yaron da ya yi gaggawar cizon ɗanyen dabino.

Yadda suna ya zama doka

Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. A shekarar 1855 sarki Napoleon na uku ya nemi a jera giyar Bordeaux bisa daraja saboda baje kolin duniya da aka yi a birnin Paris. Dillalai suka duba farashin da kowane gida ya saba samu, suka kasa jajayen zuwa aji biyar. Jerin yana nan har yau, kuma babban canjin da aka taɓa yi masa shi ne na 1973, sa'ad da aka ɗaga gidan Mouton Rothschild zuwa ajin farko.

Amma wahala ce ta haifi dokar kare suna. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka, ya lalata akasarin gonakin inabin ƙasar. Da kaya suka yi ƙaranci sai algus ya cika kasuwa, ana haɗa abin da aka ga dama a liƙa masa sunan yanki mai daraja. Manoman kudancin ƙasar sun yi gagarumin bore a 1907, na yankin Champagne kuma suka yi nasu a 1911 saboda ana shigo da inabin wasu wurare ana sayarwa da sunansu.

Sakamakon haka ne aka kafa dokar 1935, wadda ta samar da tambarin da ake kira AOC da kuma hukumar da daga baya ta zama INAO. A ƙarƙashin wannan doka manoman yanki ne da kansu ke rubuta sharuɗɗa: iyakar ƙasar, irin da aka yarda a dasa, adadin da kadada ɗaya za ta bayar, da yadda za a sarrafa. Gwamnati ta sa hannu, sannan masu bincike su riƙa bi suna tabbatarwa. Wanda ya saɓa, ya rasa damar amfani da sunan. A yau giyar da ke da irin wannan tambari ta haura iri 300, kuma tsarin ya haɗa da cuku irin na Roquefort da kajin Bresse. Tarayyar Turai ta ɗauki makamancinsa a 1992.

Ko da yake suna na da tasiri, ba ya hana a sha kunya. A 1976 an shirya wata gasa a Paris inda aka rufe sunayen kwalabe, alƙalai Faransawa suka ɗanɗana ba tare da sanin ta wace ƙasa ce ba, sai ga giyar jihar Kaliforniya ta Amurka ta zo ta ɗaya a fari da ja. Tun daga lokacin masu ƙananan sunaye a ko'ina suka gane amfanin a gwada kaya ido a rufe.

Kaka biyu a shekara

Idan aka dawo gida, dabino ma na da duk waɗannan abubuwa, sai dai ba a rubuta su ba.

Sunan jihar kansa bayanin ƙasa ne, domin jigawa na nufin tudun rairayi. Dabino na son irin wannan ƙasa mai tsotse ruwa, muddin saiwarsa za ta tarar da laima a ƙasa, kansa kuma yana cikin rana mai zafi da busasshiyar iska. A kewayen Dutse ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yana taruwa a kwari da fadamu, abin da ya sa itatuwan ke rayuwa shekara da shekaru ba tare da ban ruwa ba.

Wani abin da ya bambanta wannan yanki da ƙasashen Larabawa shi ne haihuwa sau biyu. A Saudiyya ko Aljeriya dabino kan yi fure sau ɗaya a shekara. A arewacin Najeriya da kudu maso gabashin Nijar kuwa akan samu na rani, a kuma samu na damina. Wannan ita ce tamu shekarar inabin, kuma bambancin da ke tsakanin kakar biyu ya ma fi wanda Bafaranshe ke gani tsakanin bana da bara.

Dalili kuwa shi ne yadda ɗan dabino ke nuna. Larabawa sun kasa nunarsa mataki huɗu. Da fari yana kore shar, mai tauri da bauri, suna kiransa kimri. Sai ya rine ya zama rawaya ko ja, ya cika girma, yana ƙaras-ƙaras a baki, wato khalal. Daga nan sai ya fara laushi daga baki yana komawa ruwan ƙasa, zaƙinsa na fitowa, shi ne ruɗab. A ƙarshe ruwan jikinsa ya ragu ya zama tamr, wanda ake iya ajiyewa watanni.

Matakai biyu na ƙarshe ba sa shiri da ruwan sama. Idan aka yi ruwa ko iska ta yi laima a daidai lokacin, fatar kan tsage, ƙwari su shiga, zaƙin ya fara juyewa tsami. Dabinon rani na samun damar ƙarasa nuna a kan uwarsa a cikin zafin bazara, shi ya sa ya fi zaƙi ya kuma fi jure ajiya. Na damina kuwa sau da yawa tilas a sare nonon tun yana rawaya ko ja a kai kasuwa da sauri. Yana da nasa masoya, masu son garɗinsa da ɗan baurin da ya rage masa, amma ba kayan ajiya ba ne, kuma manomin da ke riƙe da kayan da za su lalace cikin kwanaki ba shi da bakin yin ciniki da dillali.

Shekaru ma sun bambanta. Damina mai saurin sauka kan riski na rani bai gama bushewa ba. Hunturu mai sanyi kan taimaka wa fure. Tsofaffin masu gonaki sun san waɗannan abubuwa sarai, illa dai babu littafin da aka rubuta su a ciki.

Yadda ake tantance dabino

Masana sun kasa dabinon duniya gida uku bisa yawan ruwan da ke jikinsa. Akwai mai laushi, irin Majhul na Maroko. Akwai matsakaici, wanda Deglet Nur na Aljeriya da Tunisiya ya fi shahara a cikinsa. Akwai kuma busasshe mai tauri, irin wanda ayarin raƙuma ya saba ɗaukowa tare da gishiri daga Bilma da sauran dausayin Kawar, wanda kuma har yau shi ya fi yawa a baron masu talla tare da aya da kwakwa.

Zaƙin nasu ma ba iri ɗaya ba ne. A cikin busasshe da matsakaici akwai sukari irin na rake da yawa, shi ya sa zaƙinsu ke zuwa a hankali sai an tauna. A cikin mai laushi wannan sukari ya riga ya narke ya koma irin na zuma, yana bugun harshe nan take.

Mai saye da ya san abin da yake yi ba ya rasa matakan da gwanin Faransa ke bi. Zai duba launi da ƙyalli, ya ga ko fatar na manne da tsoka ko ta saki ta yi kumbo. Zai ɓare ɗaya ya duba cikin, domin ƙwaro daga wajen ƙwallo yake fara ɓarna, kuma garin da yake bari ba ya ɓuya. Zai sansana, saboda warin tsami alama ce ta kayan da ruwa ya taɓa. Sannan ya auna kaurin tsoka da girman ƙwallo, tun da a kwano guda mai babban ƙwallo rabin kuɗin mutum a ƙwallo yake tafiya. Daga ƙarshe ya tauna ya ji ko zaƙin na tsayawa ko kuwa yana wucewa ya bar ɗaci-ɗaci a maƙogwaro.

Hausa ma ba ta rasa kalmomin wannan fanni ba. A littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, likitan nan ɗan Birtaniya J. M. Dalziel ya kawo zabiya a matsayin jan dabino dogo mai zaƙi, da maga, da kuma kilili wato furen dabino. A kasuwa kuwa sunayen da suka fi yawo su ne irin su ɗan Agadas da ɗan Mali, sai Ajwa ta Madina da alhazai ke tsaraba da ita.

Abin lura shi ne waɗannan sunaye na kasuwa galibi hanyar da kaya suka biyo suke nunawa. Buhun da aka kira ɗan Agadas yana iya kasancewa daga Ingal ko tsaunukan Azbin, yana kuma iya kasancewa daga kudancin Aljeriya ya ratso ta Agadas kawai kafin ya shigo ta Maigatari. Duk da haka sunan na sayar da kaya. Na gida ne ya rasa ko da irin wannan.

Matsalar ƙwallo

Babban abin da ya hana dabinon Dutse yin suna ɗaya tsayayye yana tattare da yadda ake dasa shi.

Dabino na da namiji da mace, kuma macen ce kaɗai ke haihuwa. Idan aka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai tsiro maza ne, ba kuma za a gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. Matan da suka fito ma babu wadda za ta yi daidai da uwarta. Kowace itaciya sabon iri ce. Akasarin dabinon arewacin Najeriya ta wannan hanya ya samu, don haka a gona guda za a tarar da itaciya mai 'ya'ya kamar zuma kusa da wadda ko awaki sai sun yi shawara. A lokacin girbi kuma duk a buhu ɗaya ake zubawa, mai kyau ya ɗauki farashin marar kyau.

Manoman inabi sun daɗe da barin shuka ƙwallo, reshe suke yanka su dasa. A dabino abin da ya yi daidai da haka shi ne ciro ɗan da ke tsirowa a gindin uwa, wanda ke fitowa da kamanninta sak, ko kuma a rena tsiron a ɗakin gwaji. Tarihin Majhul ya isa misali. A 1927, lokacin da cutar bayud ke cinye dabinon Maroko, wani masanin tsirrai Ba'amurke mai suna Walter Swingle ya ɗauki irin waɗannan 'ya'ya guda 11 ya kai Amurka. Daga su ne gonakin Majhul na Kaliforniya suka samo asali, daga can kuma irin ya bazu zuwa wasu ƙasashe.

Shi dai wannan masani shi ne ya bayyana cewa namijin da aka ɗebo garin furensa yana shafar girman 'ya'yan da lokacin nunarsu. Ke nan mai gonar da ke hawa ya yi barbara da hannu, yana ɗaura kililin namiji a cikin furen mace, zai iya matso da girbinsa ya tsere wa ruwan farko idan ya san namijin da zai zaɓa. Wanda ya bar wa iska aikin kuwa sai abin da ya samu.

Saboda haka duk lokacin da aka ji sanarwar raba dubban dashen dabino, tambayar da ta kamata manomi ya yi ita ce: na ƙwallo ne ko na gindi? Reshen NIFOR na Dutse ya tattara nau'o'in gida, wasu ma da sunan garuruwan yankin ake kiransu, kamar Shuwarin da ke ƙaramar hukumar Kiyawa, inda babbar kasuwar yankin take. Aikin da ya rage shi ne a zaɓi kaɗan mafiya kyau a yawaita su har mai saye ya san abin da zai tarar idan ya kira sunansu.

Maƙwabta sun fara

Alƙaluman hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun nuna cewa duniya na noma dabino fiye da tan miliyan 9 a shekara, Masar kaɗai na samar da sama da tan miliyan ɗaya da rabi. Najeriya kuwa ba ta wuce kimanin tan dubu 20 ba, abin da bai kusa isar ta ba, ga azumi ga ɗaurin aure ga suna ga masu kunun aya. Ƙasar da ke wannan matsayi ba za ta yi gasar yawa da Masar ba. Inda take da dama shi ne inganci da suna.

Masu dabino a arewacin Afirka sun riga sun ari tsarin na Faransa. Maroko ta yi wa Majhul na Tafilalet rajistar sunan wuri, Aljeriya kuma ta yi wa Deglet Nur na Tolga a 2016. A kudu da Sahara ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha, wadda akasarin membobinta ƙasashe ne masu amfani da Faransanci, ta fara da barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru da kofin Ziama-Macenta na Gini a 2013.

Misalin da ya fi kusa da Bahaushe shi ne na Galmi, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A ƙarshen shekarun 2000 manoman albasa na can suka wayi gari da labarin cewa wani kamfanin iri na neman mallakar sunan albasarsu, Violet de Galmi. Sai da ƙungiyoyin manoma da gwamnati suka tashi tsaye kafin a dakatar da yunƙurin. A farkon shekarun 2020 OAPI ta yi wa albasar rajista da sunan garinta, tare da kilishin Nijar.

Najeriya ba ta cikin OAPI. Dokar tambarin kasuwanci ta 1965 dai ta tanadi tambarin shaidar inganci, wanda ƙungiyar manoma za ta iya nema, kuma a 2022 an yi babban taro a Abuja da tallafin Tarayyar Turai kan samar da doka ta musamman ta kare sunan wuri.

Sai dai a Faransa ma takarda ce ta zo daga baya. Kafin a je ga rajista, masu dabinon Dutse da Kiyawa da Jahun za su buƙaci su yarda a tsakaninsu kan irin da za su kira nasu, su ware na rani da na damina, su daina shanya a ƙasa, su kuma amince wani ya buɗe buhunsu ya ce wannan bai kai ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, domin wanda za a mayar wa da buhun maƙwabci ne ko ɗan'uwa. Ga kuma jira: ɗan gindin da aka dasa bana sai ya yi shekara huɗu zuwa biyar kafin ya fara haihuwa, kuma yakan kai shekara goma kafin ya ba da nonon da zai cika buhu.